Martani: Ilimin Zamantakewa Ba Hirar Majalisa Ba Ne

Wani dattijo da nake ganin girmansa, tsohon ma'aikacin gwamnati a nan Sakkwato, ya fitar da rubutu kwanakin baya inda ya yi wa ilimin nazarin zamantakewa wankin babban bargo. A ganinsa, sashen da ke koyar da wannan fanni a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ɓarnar kuɗi ne da ɓata lokacin 'ya'yan mutane. Ba zan kama sunansa ba, domin da maganarsa nake ja, ba da shi ba, kuma irin abin da ya faɗa ana jin sa a majalisu da dama daga Kanwuri har Arkilla. Zan kira shi Malam, in bi zarge-zargen nasa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da Malam ya fara da shi shi ne wai duk abin da masu wannan fanni ke kira bincike, kakarsa ta san shi tun ba a gina jami'a ba, kuma ta faɗe shi cikin karin magana ɗaya. To, Allah gafarta Malam, mu ɗauki karin maganar. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Hausawan nan dai sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. In ɗa ya gaji ubansa mu jawo ta farko, in ya bauɗe mu jawo ta biyu, ko ta ina aka faɗi muna da abin cewa. Amma wanne ya fi yawan faruwa? A wace sana'a? Me ke sa ɗan maƙeri a Maƙera Assada ya zauna gaban zuga-zugi kamar ubansa, ƙanensa kuma ya ƙare a ofis? Karin magana ba ta ƙirga, ita hukunci take yankewa bayan abu ya riga ya auku.

Masu bincike sun ƙirga. A duk ƙasar da aka auna, matsayin uba yana jan na ɗa. Sai dai ƙarfin jan ya bambanta. A Denmak da Norwe ɗan talaka ya fi samun hanyar hawa sama fiye da takwaransa na Amurka ko Birtaniya, kuma yadda aka tsara makarantu na daga cikin dalilai. Ke nan barewa ta fi albasa yawan gaskiya, amma hukuma na iya sassauta abin ko ta tsananta shi. A ƙasar Hausa ma, M. G. Smith da ya yi aiki a Zazzau wajen 1950 ya rubuta yadda mutane ke bambanta sana'ar da aka gada da wadda aka shiga da rana tsaka, da yadda magajin sana'a ke fin ɗan shigege daraja ko da aikinsu ɗaya.

Wani lokaci kuma binciken kan zo da abin da kaka ba ta zata ba. Kowa zai ce aiki ta hannun ɗan'uwa ko amini ake samunsa. A 1973 Mark Granovetter ya nuna cewa ma'aikatan da ya bincika a kusa da birnin Boston sun fi jin labarin gurbin aiki daga mutanen da suka sani sama-sama, domin amininka abin da ka sani shi ya sani, wanda kuke gaisawa jefi-jefi shi ke yawo a inda ba ka zuwa. Daga baya Yanjie Bian ya gwada zancen a birnin Tianjin na Sin, ya tarar a inda aiki ke hannun jami'ai, kuma alfarma ake nema ba labari ba, makusanci ne ke yi maka rana. Mu da muke zaune a ƙasar "wa ka sani" mun san wanne ya fi kama da namu.

Zargi na biyu ya fi wannan nauyi. Malam ya ce ɗan Adam ba dutse ba ne da za a ce in an jefa shi sama dole ya faɗo. Yana da zuciya, yana da zaɓi, kuma a samansa akwai ƙaddara. Har ya kawo misalin wata baiwar Allah da ba ta taɓa shiga aji ba, ta haifi goma ta raine su ba wanda ya mutu, don ya rushe zancen cewa karatun uwa na da alaƙa da rayuwar jariri.

Allah ya ƙara mata albarka, amma ba ta rushe komai ba. Manomin Kware ba zai iya gaya maka ko za a yi ruwa ranar Talata ba, amma ya san Agusta ta fi Mayu ruwa, kuma a kan wannan sanin yake shuka. Haka ƙa'idojin zamantakewa suke, maganar taro suke yi, ba ta mutum guda ba. Tun wajen 1830 Adolphe Quetelet, mutumin Beljiyam, ya lura cewa yawan laifuffukan da kotunan Faransa ke yi wa rajista kusan ɗaya ne shekara bayan shekara, alhali kowane mai laifi da kansa ya zaɓi aikata nasa. Ya kuma lura samari maza ne suka fi yawa a ciki, abin na raguwa da ƙaruwar shekaru. Kusan shekara 200 ke nan ana sake aunawa a ƙasashe daban-daban, zancen bai canza ba. Malam ya tuna 'yan bangar da ke bin motocin 'yan siyasa lokacin yaƙin neman zaɓe a garin nan: nawa ne a cikinsu masu furfura? Wannan bai mai da kowane saurayi ɓarawo ba. Abin da yake nufi shi ne jihar da ta tara samari dubbai ba karatu ba sana'a ta san abin da ke jiranta, kuma mutanen Isa da Sabon Birni ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani.

Batun ƙaddara kuwa, Malam ya fi ni sanin cewa Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, kuma bai ga hakan ya taɓa imaninsa ba. Sanin sababi ba jayayya da Mai sababi ba ne.

Yanzu ga inda Malam ya fi ɗaga murya: wai ilimin Turawa ne, marasa addini suka ƙago shi don su raba mu da namu. A nan akwai gaskiya guntuwa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Auguste Comte, Bafaranshen da ya raɗa wa fannin sunan da Turawa ke kiransa da shi, ba mai imani ba ne, har wani addini ya yi ƙoƙarin ƙirƙirowa na bautar ɗan Adam. Kuma an daɗe ana koyar da cewa in gari ya bunƙasa, boko ya yaɗu, addini zai ja da baya. Sai dai me ya faru da wannan ra'ayi? Ƙidaya ce ta kayar da shi. Peter Berger, ɗaya daga cikin manyan masu yaɗa shi, ya fito kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce ya ce duniya ba ta bi hanyar da suka zana mata ba, Yammacin Turai ce ta fita daban. Mu nan shaida ne: birane sun cika, jami'o'i sun yawaita, sai ga ƙungiyar Izala ta kafu a Jos a 1978, ɗariƙu na ƙara faɗi, Islamiyyu na tsirowa a kowace shiya. Fannin da ke iya janye maganarsa in hujja ta ƙaryata shi, ai ba shi ne abin tsoro ba.

Amma babban kuskuren Malam na tarihi ne. Shekara sama da 400 kafin Comte, Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, alƙalin Malikiyya, ya rubuta Muƙaddima a 1377. A ciki ya ce zaman jama'a na da ɗabi'u da ake iya ganowa, kuma wanda bai san su ba zai gaskata kowane labarin ƙanzon kurege da ya tarar a littafin tarihi. Ya bayyana yadda mutanen da wahala ta haɗa kansu ke kafa daula da ƙarfin zumuncinsu, 'ya'yansu su riƙe, jikoki su tashi cikin daɗi zumuncin ya saki. Ya ƙiyasta wa daula zuriya uku, kimanin shekara 120.

Ba sai mun je Tunis ba. Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ba a yi shekara huɗu ba ƙanensa Malam Abdullahi ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas, saboda abin da ya gani na yadda wasu suka koma neman sarauta da dawaki da tufafi. Ya zuba wannan koken a Tazyinul Waraƙati, kuma da mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki. Wannan me ne ne in ba nazarin yadda nasara ke sauya halin jama'a ba? Shehu da kansa, a Kitabul Farƙi, ya zayyana yadda sarakunan Hausa ke karɓar haraji da gaisuwa da yadda ake gadon mulki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina wannan birni a 1809, ya kafa ribaɗoɗi irin su Wurno, ya ja makiyaya su zauna wuri guda, domin ya fahimci karatu da shari'a da sana'a sun fi kama ƙasa a inda mutane ke zaune. A Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina ya umarci shugaba ya kula da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi. Waɗannan bayin Allah ba su kira abin da suke yi da sunan da jami'a ke kiransa ba, amma idonsu na kan abin da ɗaliban sashen nan ke koyon dubawa.

Max Weber, Bajamushe, ya yi bayanin cewa jama'ar da ta taru saboda kwarjinin mutum ɗaya, in ya rasu, dole ta koma tsari na muƙamai da gado ko ta watse. Shehu ya rasu a 1817. Sarautar Musulunci ta tsaya a zuriyarsa, wazirci ya tsaya a gidan Giɗaɗo, har yau shiyar Giɗaɗawa na nan. Ban faɗi wannan don suka ba. Da ba a yi hakan ba da daular ba ta kai shekara 99 ba. Bindigar Turawa ce ta kawo ƙarshenta a filin Giginya a watan Maris na 1903, ba lissafin Ibn Khaldun ba, amma basasar Kano da ta ɓarke a 1893 ta nuna bangon ya riga ya fara tsagewa daga ciki.

Zargi na huɗu: abin da aka gano a Landan ko Shikago ba ya aiki a Mabera. Wani lokaci haka ne, kuma masu fannin da kansu sun koka cewa an cika gina hukunci a kan mutanen Turai da Amurka. Maganin wannan shi ne a yi binciken a nan, wato ainihin aikin sashen da Malam ke so a rufe.

Kuma da yawa an gwada a nan sun tsaya. A 1885 E. G. Ravenstein ya duba ƙidayar Birtaniya ya fitar da cewa yawancin masu ƙaura ba sa nisa, masu nisan kuwa manyan garuruwan kasuwanci suke nufa, kuma neman abinci ne babban dalili. A ranin 1952 zuwa 1953 aka tsaya a kan hanyoyi da mashigai aka ƙirga masu fita cin rani ta Lardin Sakkwato, R. M. Prothero ya nazarci alƙaluman, mutum sama da 200,000 a rani ɗaya, wasu zuwa ƙasar Yarbawa, wasu har Gwalkwas, Gana ta yau. Har gobe da an gama girbi motocin Legas da Ibadan da Fatakwal cika suke yi. Kuma baƙo ba ya sauka inda ya ga dama, wurin ɗan garinsu yake sauka, ya kama sana'ar da ya tarar ɗan garinsu na yi. Abner Cohen ya nuna haka a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan: yadda maigida ke saukar da fatake, ya tsaya musu a cinikin shanu da goro, amana ta zama jarin da ya riƙe kasuwar. Malam ya tambayi masu ga-ruwa ko 'yan kabu-kabun shiyarsu daga ina suka zo. Da wuya bai tarar rukuni-rukuni ne daga ƙauyuka ƙalilan ba, wasu ma daga hayin Illela.

Maganar karatun uwa da Malam ya yi wa dariya, ai ba daga Turai aka kawo ta ba. Takardar da ta fi shahara a kanta John Caldwell ne ya fitar a 1979, kuma da alƙaluman Nijeriya ya yi aiki, na Ibadan da kewayenta. Ya tarar karatun uwa ya fi na uba tasiri kan ko yaro zai rayu. Bayan shekara kusan 40, binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. Ga uwar da ba ta yi makaranta ba adadin 170 ne, ga wadda ta wuce sakandare 56. A Kebbi maƙwabciyarmu 252, a Ogun 30. Ba takardar shaida ke warkar da zazzaɓi ba. Uwar da ta yi karatu ta fi saurin gane alamar haɗari, ta fi ƙarfin halin cewa a tafi asibiti yau ba gobe ba, ta fi iya bin ƙa'idar magani. Talauci da nisan asibiti na da nasu kason, masu binciken sun san haka, shi ya sa suke ware su kafin su yanke hukunci. Abin mamaki ne a ce a garin da Shehu ya yi tir da mazan da ke barin matansu cikin jahilci a Nurul Albabi, garin da Nana Asma'u ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da 'yan taru, a nan ne za a kira wannan magana baƙuwa.

Wanda aka gwada bai tsaya cif ba shi ma riba ne. Tun 1954 Gordon Allport ya ce cuɗanya na rage ƙiyayya tsakanin ƙungiyoyi. Alexandra Scacco da Shana Warren sun gwada a Kaduna, suka haɗa samari Musulmi da Kirista a ajin koyon kwamfuta na mako 16, suka wallafa sakamakon a 2018. Ra'ayin samarin game da juna bai sauya ba, amma waɗanda suka zauna aji gauraye sun fi waɗanda aka ware yin adalci ga ɗan ɗaya addinin wajen rabo. Zuciya na da taurin kai, hannu ya fi ta saurin gyaruwa. Duk mai shirya taron zaman lafiya ya kamata ya san wannan kafin ya kashe kuɗi kan jawabai.

Sai zargin tona asiri. Malam ya fusata da rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022, wanda ya ce kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, mutum miliyan 133, na cikin talauci ta fuskoki da yawa, Sakkwato ce kan gaba da kashi 91, Ondo a ƙarshe da 27. Ya ce an ci mutuncin Cibiyar Daula. Ni ma ban ji daɗin adadin ba. Ana iya jayayya da ma'aunin, a ce bai ƙirga karatun allo yadda ya kamata ba, ko bai ga taimakon dangi da ke riƙe gidaje da yawa ba; wannan muhawara ce mai kyau, kuma wanda ya iya fannin ne zai iya yin ta. Amma rahoton ya tambayi ruwan sha, da makewayi, da yaran da ba sa zuwa makaranta, da nisan asibiti. Wanda ya fita bayan gari kilomita kaɗan ya san ba ƙage aka yi mana ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na bar na ƙarshe domin shi ne ya fi ba ni takaici: wai ko da duk gaskiya ne, ba shi da amfani, injiniya da likita muke buƙata. Injiniyoyi ne suka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka gama a 1978, lokacin Talatar Mafara na cikin Jihar Sakkwato. Ginin ya tsaya da kyau. Abin da ba a lissafa ba shi ne mutane: manoman da aka karɓe gonakinsu ba diyyar kirki, da na ƙasan gulbi da ambaliyar da ke ciyar da fadamarsu ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka far musu; gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Cewa mutanen da aka tasa don babban aiki kan talauce in ba a yi shiri da su ba sananniyar ƙa'ida ce, har Bankin Duniya ya ɗauki masanin zamantakewa Michael Cernea aiki a 1974, ya kuma fitar da ƙa'idar sake tsugunar da jama'a a 1980.

Likitoci kuma suna da allurar shan inna tun tuni, amma a 2003 wasu jihohin Arewa, Kano a gaba, suka dakatar da rigakafin saboda jita-jita da rashin yarda, cutar ta sake bazuwa har ƙetare. Ba sabon magani ne ya warware matsalar ba. Tsohuwar ƙa'ida ce da Elihu Katz da Paul Lazarsfeld suka rubuta tun 1955: saƙo ba ya shiga jama'a kai tsaye daga rediyo, sai ya bi ta bakin wanda suka yarda da shi. Da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci sarakunan Arewa suka shiga aikin, hakimai da masu unguwanni da limamai suka bi gida-gida, sai ƙofofi suka buɗe. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Cewa wasu da suka gama sashen na yawo da takarda ba aiki, gaskiya ne, haka ma wasu da suka karanta injiniya. In Malam na da ƙorafi kan yadda ake koyarwa, a ce an cika haddar sunayen Turawa an bar Ibn Khaldun da Malam Abdullahi a gefe, ko ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu ba su taka Kasuwar Kara ko Marina ba, to ina bayansa, mu je mu faɗa wa jami'ar tare. Jami'ar nan tun 1975 take, ta isa a tambaye ta abin da ta gano game da garin da take zaune a ciki. Kira na ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi shi ne, kafin a tashi kasuwa, ko a tsugunar da 'yan gudun hijirar gabashin jiha, ko a kwashe almajirai daga titi, a nemi malaman wannan sashe da ɗalibansu su fara shiga cikin mutanen su tambaya, su ƙirga, a saurari abin da suka samo sannan a sa hannu a takarda.